Hotunan da Aka Aiko Mini Ina Jego

Hotunan sun iso ne ranar da na kwana goma sha ɗaya da haihuwa. Malam, mijina, shi ya kawo su daga Funtua cikin filash, a aljihun gaban rigarsa. Ya durƙusa ya gaida Inna a tsakar gida kamar yadda ya saba, sannan ya yi sallama ya shigo ɗakin da nake, ya zauna a bakin tabarma. Ya tambaye ni jiki, na ce da sauƙi. Ya ajiye ledar lemo. Sai da ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya zaro filash ɗin.

"Malamarki ta aiko da saƙo. An yi gwajin naki," in ji shi. "Amma ta ce in gaya miki kada ki buɗe yanzu. Ta ce ba inda za su je."

Na miƙa hannu. Ya ɗan riƙe, sannan ya ba ni.

A lokacin ina shekara ta uku a karatun digirin digirgir a wata jami'a ta ƙasar Turai, fannin kimiyyar lissafi da makamashi. Malam kuma yana koyarwa a wata makarantar sakandare a Funtua. Da cikina ya kai wata bakwai na ɗauki hutu na dawo gida, domin haihuwar fari ce, Inna kuwa ta ce ba za a yi ta a hannun baƙi ba. Ƙauyenmu yana bayan Dayi, tafiyar minti kaɗan a babur idan ba a yi ruwa ba. Mahaifina ya rasu tun ina sakandare, ƙaninsa, Baffa, shi ke riƙe da gidan.

Naƙuda ta kama ni da hantsi. Baffa ya samo mota aka kai ni asibiti a Malumfashi. Wajen la'asar na haihu, namiji, bai zo da rai ba. Na ji shirun ɗakin, na ji wata ma'aikaciya tana cewa inna lillahi a hankali. An tambaye ni ko zan gan shi, na ce a'a, na juya fuskata bango. Tunda bai yi kuka ba, ba a raɗa masa suna ba. Malam da Baffa suka naɗe shi a farin ƙyalle suka kai shi maƙabarta kafin magariba. Washegari aka sallame ni.

Jego kuwa ba a fasa ba. Itacen da Malam ya sayo tun watanni biyu baya yana jibge a gindin katanga, an rufa masa leda saboda damina. Inna ta ce jiki bai san an rasa ba, dole a gasa shi. Wadda take mini wankan ita ce Iya, gwaggon Inna, tsohuwa ƙwarai amma da ƙarfinta. Bamagujiya ce. Kakana na wajen uwa ya musulunta tun yana saurayi, ita ƙanwarsa ta zauna a kan abin da ta tarar da iyayenta suna yi, a wani ɗan ƙauye da ke ƙetaren rafi. Duk wata haihuwa a danginmu ita ake kira. Ta zo da ƙullin kayanta a kafaɗa, don ba ta ɗaukar kaya a ka, ta tare a ɗakin Inna.

Safe da yamma take tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mini. Mata suna ba da labarin zafin ruwan nan kamar labarin yaƙi. Ni ina ganin fatata tana yin ja, ina ganin tururi, amma kamar jikin wata ake wa wanka ina tsaye ina kallo. Nono ya kawo a kwana na uku, Iya ta ɗaure mini ƙirji da tsohon ɗankwali. Ana ba ni kunun kanwa in sha, a ba ni gasasshen nama da yaji in ci. Mata suna shigowa. "Sannu da arziki. Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne. Allah ya kawo rayayye." Ina cewa amin. Wasunsu suna share hawaye da bakin mayafi, ni ina kallon ƙafafunsu, ina lura da wadda ta taka taɓo da wadda ta zo a babur.

A ranar da Malam ya kawo filash, yana fita na jawo kwamfutata daga ƙarƙashin gado.

Ya kamata in faɗi abin da hotunan suke. A ƙarƙashin ginin sashenmu akwai wata na'ura da ta cika ɗaki guda, girmanta ya kai tsakar gidanmu. Aikinta tara wutar lantarki a hankali cikin wasu manyan tankuna, sannan ta sake ta gaba ɗaya cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba. Duk wannan wuta ana tura ta cikin wasu siraran wayoyi da ba su kai kaurin gashin kai ba, an jera su a tsaye kamar ƙaramin keji. Wayoyin ba sa narkewa kawai. Suna wuce ruwa, su wuce tururi, su zama abin da ake kira filasma, wato irin abin da rana da taurari suke da shi. Gwajina keji biyu ne gefe da gefe. Filasma tana fitowa daga kowanne ɗauke da ƙarfin maganaɗisu, na wannan yana fuskantar gabas, na wancan yamma, su yi karo a tsakiya. A wurin karon ƙarfin yana tsinkewa ya sake haɗuwa ta wata hanya, ya saki zafi mai yawa. Haka ake zaton yana faruwa a fuskar rana idan ta yi aman wuta. Ba wanda zai je rana ya auna, don haka muke yin ɗan ƙaraminsa a ɗaki, wanda bai fi tsawon yatsa ba.

Sau ɗaya ake harba na'urar a yini. Safiya tana ƙarewa wajen goge ƙonannen ƙarfen jiya da jera sababbin wayoyi da ɗan hantsaki, mutum yana riƙe numfashi. Da yamma a fita daga ɗakin, a kulle ƙofa, a toshe kunne, sai ka ji ƙasa ta buga a tafin ƙafarka sau ɗaya. Shi ke nan. Wata takwas na yi ina tsara gwajin nan, layi bai zo kaina ba sai bayan na taho. Wani abokin karatuna ne ya jera wayoyin ya harba mini, sau shida.

Ido ba ya ganin abin da ya faru, ya yi sauri da yawa. Ana haska wurin da hasken leza, a ɗauki hoto. Hoton ba shi da kyan gani. Ratsi-ratsi ne baƙi da fari, sirara, ɗaruruwa, kamar saƙi. Kafin a harba ana ɗaukar guda, ratsin a miƙe. Lokacin harbawa a ɗauki wani, inda filasma take ratsin yana lanƙwashewa. Aikina shi ne in bi kowane ratsi da linzamin kwamfuta, in zana layi a kansa daga wannan gefe zuwa wancan, a hoton farko da na biyu. Idan na gama, kwamfuta ta gwada su ta faɗi yawan filasmar da ke kowane wuri. Akwai manhajar da ke yin zanen da kanta, amma tana ɓata a inda ratsin ya cakuɗe, don haka a rukuninmu da hannu ake yi. Kowa ya ƙi jinin aikin. Ni ma da can na ƙi jininsa.

Na fara a ranar. Batirin kwamfutar awa uku yake yi. Idan ya mutu, Baffa ya saka ta a buhu ya ɗaura a babur ya kai shagon wani abokinsa mai sola a bakin titin Dayi, ya dawo da ita bayan azahar. Bai taɓa tambayata me nake yi ba. Sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ga injin naki," ya wuce gona. Yinina ya koma haka: wanka, kunu, layi, barci, layi, wanka. Ruwa yana zuba a kan kwano, masara ta yi goyo har ana gasawa, ina jin matan gida suna maganar taki da tsutsar da ta shiga gonar waken suya. Ni ina kan ratsi na tamanin, na tamanin da ɗaya. Ba na tunanin komai. Idan hannuna ya karkace in goge in sake.

Wata rana Iya ta shigo da kwanon kunu, ta tsaya a kaina tana kallo.

"'Yar nan, saƙa kike koya a cikin gilashi?"

Na ce mata aikin makaranta ne. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce to in gaya mata. Na gaya mata yadda na iya. Na ce muna tara wuta mu sake ta lokaci guda, kamar walƙiya, a cikin ɗaki.

"Da ƙara?"

"Da ƙara, Iya. Har ƙasa tana motsi."

"Aradu ke nan." Ta dube ni sosai. "Ku kuke kiranta ta zo?"

"Mu muke yin ta."

"A'a. Ba a yin ta, sai dai a kira ta." Ta murza ƙullin tabarta. A wajensu aradu ba abin wasa ba ce, da ita ake rantsuwa, wanda ya yi ƙarya kuma ya san abin da ke jiransa da damina. "To idan ta zo me kuke ba ta?"

"Waya. 'Yar siririya. Ta cinye."

"Kullum?"

"Kullum sau ɗaya."

Ta gyaɗa kai, alamar wannan ya yi mata daidai. Sannan ta tambaya me muke nema a wajenta. Na ce muna so mu san abin da ke faruwa a jikin rana. Ta ce rana tana da wata damuwa ne? Na ce a'a, sani kawai muke so. Ta ce, "To Allah ya ba ku sa'a," ta tura mini kwanon. "Sha tun da zafi." Daga ranar, idan ta gama aikinta takan zo ta zauna kusa da ni tana ɓarar gyaɗa. Wani lokaci ta nuna gilashin da yatsa ta ce na tsallake ɗaya. Sau biyu gaskiyarta ne.

Inna ce abin ya dama. Ni 'yar fari ce, ba ta kama sunana, ba ta kuma saba doguwar magana da ni ba. Amma ranar da na yi kwana ashirin da wani abu, bayan wasu baƙi sun fita, ta shigo ta sakaya labule.

"Ke, rufe abin nan."

Na rufe.

"Mutane suna zuwa gaisuwa suna tarar da ke kina danne-danne. Ana cewa boko ta busar miki da zuciya. Ana cewa ko ɗigon hawaye ba a gani ba." Ta matso kusa da ni. "Ni na binne uku kafin ƙannenki su tsaya. Na san abin. Ki yi kuka, ba haramun ba ne."

"Inna, ba ya zuwa."

"Ki ajiye wannan, zai zo."

Na ce to. Na ajiye kwamfutar kwana biyu. Na zauna ina kallon bango, inda ruwa ya yi zane a jikin farar ƙasa. Kukan bai zo ba. Barci ma ya ƙi. A rana ta uku Iya da kanta ta jawo kwamfutar ta ɗora mini a cinya, ta ce wa Inna, "Bar ta. Wata daka take yi, wata surfe. Wannan nata ke nan." Inna ba ta ƙara magana ba, sai dai idan an yi sallama takan riga baƙi shigowa ta rufa wa kwamfutar zane.

Harbi na huɗu na fi daɗewa a kansa. Kwana biyu na yi ina zana hoton farko, kwana biyu ina zana na biyu. Na ji daɗin yadda aikin ke tafiya, ba cakuɗewa, ba inda ratsi ya ɓace. Da na gama na ba kwamfuta ta gwada. Ta fito mini da fili shuɗi, babu komai a ciki. Na ɗauka kuskure na yi wajen shigarwa, na sake. Haka dai. Sai na buɗe hotunan biyu gefe da gefe, na ga ratsin duka a miƙe suke. Babu filasma a hoton na biyu ko kaɗan.

Na nemo takardar bayanin da abokin karatuna ya haɗo da ita, wadda ban taɓa buɗewa ba. A layi na farko ya rubuta cewa a harbi na huɗu lezar ta riga wutar tashi, an ɗauki hoton kafin komai ya faru, kada in ɓata lokacina a kansa. Ɗalibin da ya shigo jiya ma da kallo ɗaya zai gane. Ni na yi kwana biyu ina bin layi miƙaƙƙe, ɗaya bayan ɗaya, ban lura ba.

Na zauna ina jiran in ji haushi ko kunya. Ban ji ba. Iya ta ɗago kai ta ce, "Ya ƙare?" Na ce wannan ba komai a cikinsa. Ta ce, "Ayya," ta ci gaba da ɓararta. Na buɗe harbi na biyar.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Malam ya zo bayan an sauko daga masallaci. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ban kuma san tun yaushe ba. Na ba shi filash ɗin da abin da na gama don ya aika, saboda a ƙauyen sabis ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Na gaya masa labarin harbi na huɗu. Ya yi ɗan murmushi don ya ga kamar abin dariya nake nufi, sannan ya daina.

"Malam," na ce, "yaya yake?"

"Wa?"

"Yaron."

Wata guda ke nan ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

"Yana da gashi," ya ce. "Baƙi, mai yawa, a kwance. Dogo ne. Yatsunsa dogaye." Ya nuna da nasa yatsun. "Kunnensa irin na Baffa. Baffa ma ya gani, ya ce kai, wannan nawa ne."

"Da nauyi?"

"Da nauyi. Ni na riƙe shi a mota."

Ya sa hannu ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna motsi, ba ƙara. Ban taɓa ganin yana kuka ba. Na matsa na dafa gwiwarsa, don na san haka ya kamata. Ina kallon hularsa, zaren ya fara tsinkewa ta baya, ina tunanin ya kamata a kai a gyara. Da ya natsu ya share ido ya ce in yafe masa. Na ce ba abin yafewa. Ya ce sun sa shi a gefen maƙabarta ta gabas, kusa da wata bishiyar kanya, ya kafa dutse don kada ya ɓace masa. Na ce Allah ya saka da alheri. Ya tashi don kada ruwa ya tare shi a hanya.

Na gama harbi na shida saura kwana uku arba'in. Daga cikin shidan, huɗu sun yi kyau. A tsakiyar kowanne akwai siririn wuri mai haske inda filasmar biyu suka haɗu, kaurinsa ya yi kusa da abin da lissafina ya nuna tun kafin in taho. Malamata ta rubuto cewa ta yi murna, ta kuma ce ba ta so na yi aikin a wannan hali ba. Waɗannan hotuna su suka zama babi na huɗu a kundina, wanda na kare bayan shekara biyu. Har yau idan na buɗe babin ba na iya tuna lokacin da na zana wani layi takamaimai. Na san dai ni na zana.

Ranar arba'in aka yi mini kitso da lalle, Iya ta ɗauki ƙullinta ta ƙetare rafi, Baffa ya raka ni Malumfashi ya sa ni a motar Funtua. A gida na tarar ƙanwar Malam ta kwashe duk kayan jariri ta kai wani wuri, ban tambayi ina ba. Saura mako biyu in koma makaranta.

Ana jibi zan tafi na shiga kasuwa sayen kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa na guzuri. Ina wucewa ta layin teloli sai na ji ana kira, "Hajiya! Hajiya!" Telan da na kai wa ɗinkin fitar suna ne tun ina da ciki wata bakwai, wani dattijo mai tabarau. Na manta da shi sam.

"Kin ɓace! Kayanki sun daɗe da kammala. Na ce ko an yi sunan da wasu ne." Ya jawo leda daga ƙarƙashin tebur yana fara'a. "An sauka lafiya? Me aka samu?"

"Namiji."

"Masha Allah! Allah ya raya. Ina angon ƙarnin?"

Shagon cike yake da mutane, keke uku suna aiki. Na ce amin. Ya warware atamfar, kore da ruwan ƙwai, ya nuna mini aikin da ya yi a wuya, ya ce in shiga bayan labule in gwada don jiki yana canjawa bayan haihuwa. Na shiga na saka. Ta yi mini yawa a ƙugu. Na fito na gaya masa, ya sa alli ya yi alama, ya ce in ba shi minti goma. Na zauna a benci da ledar kuka a cinyata, ina kallon allurar tana hawa tana sauka, har ya gama ya cije zaren ya miƙo mini.